Tarihin Lambun Tsakar Gida a Birnin Ƙurɗuba

A kudancin ƙasar Sifen, a bakin kogin Guadalquivir, akwai wani tsohon birni wanda mutanen ƙasar ke kira Kordoba, Larabawa kuwa suka san shi da sunan Ƙurɗuba. Malamai da almajirai na ƙasashen Hausa ba baƙin wannan suna ba ne, gama can ne mahaifar Imamu Ƙurɗubi mai tafsiri, can kuma aka haifi Alfazazi mai Ishiriniya. Amma abin da ke kai ɗimbin baƙi birnin a farkon watan Mayu na kowace shekara wani abu ne dabam. A cikin waɗannan kwanaki gidaje wajen 50 sukan buɗe ƙofofinsu, kowa ya shiga kyauta ya kalli tsakar gida. Wanda ya shiga zai tarar da daɓen tsakuwa baƙi da fari, da rijiya a gefe guda, da bishiyar lemo, da bango fari fat wanda aka rataya wa tukwanen furanni tun daga ƙasa har kusa da rufi. Mutanen Sifen suna kiran wannan wuri patio, watau tsakar gida. Tarihinsa ya kai shekara dubu biyu, ya kuma ratsa mulkin Rumawa da na Musulmi da na sarakunan Kirista. A yau kuwa masu kula da shi suna cikin zullumin ko za a sami magada.

Zafi ne mafarin al'amarin

Ƙurɗuba tana cikin biranen da suka fi zafi a nahiyar Turai. A watan Yuli zafin rana yakan haura digiri 36 a ma'aunin Salshiyas kusan kullum, ran 13 ga Yuli na 2017 ma sai da ya kai 46.9. Daga Yuni zuwa Agusta da wuya a ga ɗigon ruwan sama. Saboda haka duk al'ummar da ta zauna a wurin, tilas ta nemi dabarar da za ta sanyaya gida.

Dabarar tsakar gida mai sauƙin fahimta ce. In fili ƙarami ne, ganuwar da ta kewaye shi kuma doguwa, rana ba ta samun sauka ƙasa sai na ɗan lokaci da tsaka. Da dare iska mai sanyi, da yake ta fi mai zafi nauyi, sai ta gangaro ta kwanta a cikin filin kamar ruwa a kwano, ta kuma daɗe a ciki bayan gari ya waye. In an yayyafa ruwa a daɓe, ganyaye kuma suna fitar da danshi, sai ruwan da ke tashi ya tafi da zafi, kamar dai yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwan sha ta hanyar tsattsafowa. Farin bango kuma yana mai da hasken rana baya. Masana a Jami'ar Ishbiliya, watau Sevilla, sun auna irin waɗannan gidaje da bazara, sun tarar cikin tsakar gida ya fi kan titi sanyi da digiri masu yawa.

Zamanin Rumawa

Rumawa ne suka kafa birnin a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya ya zama babban birnin lardinsu na Betika. Sun zo da fasalin gidansu. Daga ƙofa mutum zai shiga wani babban falo mai buɗaɗɗen rufi a tsakiya, ƙarƙashin buɗin akwai kwarami wanda ke tare ruwan sama, ya zuba shi cikin tanki a ƙarƙashin ƙasa. Bayan falon akwai fili na biyu wanda rumfuna masu ginshiƙai suka kewaye, a nan lambu yake.

An san abin da ake shukawa a irin waɗannan lambuna ta dalilin wani bala'i. A shekara ta 79 dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne garin Pompeii na Italiya da toka. Saiwoyin itatuwa suka ruɓe a ƙarƙashin ƙasa, suka bar ramuka daidai siffarsu. Daga 1961 wata masaniya Ba'amurkiya mai suna Wilhelmina Jashemski ta shiga kwashe tokar da ta cika ramukan, tana zuba siminti a ciki, in ya daskare sai a tono siffar saiwar a gane irin bishiyar. Bincikenta ya nuna cewa yawancin lambunan gida na Rumawa na amfani ne da ado gaba ɗaya: ga ɓaure da inabi da zaitun da sauran itatuwan marmari a tsakiyar gida. An tono ragowar gidaje masu wannan fasali a ƙarƙashin Ƙurɗuba ta yau. Ke nan sa'ad da Musulmi suka ƙetaro a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙu ɗan Ziyad, sun tarar da ƙasar da ta riga ta san tsakar gida.

Ɗan gudun hijira da rummansa

A shekarar 750 Abbasiyawa suka kifar da daular Umayyawa ta Dimashƙa, suka karkashe 'yan gidan sarauta. Wani saurayi daga cikinsu, Abdurrahman ɗan Mu'awiya, ya tsira, ya bi ta Afirka ta Arewa wajen dangin mahaifiyarsa, ya ƙetara Andalus a 755, ya ci Ƙurɗuba a 756. A arewa maso yammacin birnin ya gina gidan gona, ya sa masa suna Rusafa, sunan gidan kakansa Halifa Hishamu a Sham. Marubutan tarihin Andalus sun ce ya riƙa aika manzanni gabas su samo masa iri da dashe. Sun ba da labarin wani rumman da aka kawo masa daga Sham, ya rarraba wa mutanensa. Ɗaya daga cikinsu mai suna Safar ya shuka 'ya'yan a gonarsa wajen Malaga, ya yi ta renonsu har suka yi, irin ya bazu cikin ƙasa ana kiransa rumman safari.

Abin da sarki ya fara a Rusafa shi ne ya ci gaba har ƙarnuka. Ta hannun Musulmi shinkafa da rake da auduga da yalo da lemun tsami da lemo mai ɗaci suka yaɗu a Andalus. Sau da yawa a lambun sarki ko na wani attajiri ake fara gwada sabon iri, in ya karɓi ƙasa sai ya fita zuwa gonaki da gidajen jama'a.

Hatta babban masallacin birnin, wanda Abdurrahman ya fara ginawa wajen 785, bai rasa itatuwa a harabarsa ba. Wannan ya jawo muhawara tsakanin malamai. Mazhabar Imamu Malik ba ta son shuka itace a masallaci, amma kafin ta kafu a Andalus mutanen ƙasar suna bin Imamu Auza'i na Sham, wanda ya halatta. Wani almajirinsa mai suna Sa'asa'a ɗan Sallam, wanda ya riƙe limanci a Ƙurɗuba, shi ake danganta wa fara shukar. Bayan Andalus ta koma Malikiyya sai malamanta suka ci gaba da aiki da fatawar Auza'i a kan wannan mas'ala, har ta shiga cikin 'yan mas'alolin da aka san mutanen Andalus sun saɓa wa Malik a kansu. Harabar tana nan har gobe, tsawonta wajen mita 130, faɗinta wajen 50. Itatuwan lemo kusan 100 da ke cikinta yanzu na zamanin Kirista ne, suna jere sahu sahu, kowane a cikin kwarami, da 'yan magudanan dutse masu kai ruwa daga wannan gindi zuwa wancan. A ƙarƙashinta akwai babban tankin ruwa wanda waziri Almansur ya sa aka gina a ƙarshen ƙarni na 10.

A 929 Abdurrahman na Uku ya ɗauki laƙabin halifa, 'yan shekaru bayan haka ya fara gina birnin sarauta na Madinatuz Zahra, kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba. An yanka gefen tudu hawa hawa, a gaban babban zauren karɓar baƙi aka shimfiɗa lambu wanda hanyoyi biyu suka gitta suka raba shi kashi huɗu, da tafkuna na gini. Wannan fasali na kashi huɗu daga Farisa ya samo asali. Birnin bai cika shekara 80 ba aka wawashe shi a yaƙin basasar da ya ɓarke wajen 1010.

Gidan talaka a zamanin halifofi

Fadoji ne suka cika littattafan tarihi, amma gidan talaka sai a ƙarƙashin ƙasa aka same shi. Tun daga shekarun 1990, da ake faɗaɗa Ƙurɗuba wajen yamma, masu tonon kayan tarihi suka ci karo da unguwanni sukutum na ƙarni na 10, da tituna da ɗaruruwan gidaje. Kusan dukkansu fasali ɗaya ne. Ta waje bango ne kawai da ƙofa. Wanda ya shiga sai ya bi ta wani ɗan zaure kafin ya kai tsakar gida, an kuma tsara ƙofofin yadda mai wucewa a titi ba zai hango ciki ba. A tsakar gidan akwai rijiya, da dakali na dutse a kewaye domin tafiya lokacin ruwan sama, tsakiya kuwa ƙasa ce inda za a iya shuka itace ko ganye. Ɗakuna duka ciki suke fuskanta, daga nan suke samun haske da iska.

A nan bambanci yake tsakanin gidan Barume da na Ba'andaluse. Attajirin Rum yakan bar ƙofarsa a buɗe domin mai wucewa ya hango falo da lambu ya san arzikin mai gida. Gidan Andalus kuwa sutura ce manufarsa. Tsakar gida wurin iyali ne, a nan mata ke girki da wanki da saƙa ba tare da idon baƙo ba. Duk wanda ya girma a gidan da ke da zaure da cikin gida zai gane wannan tsari nan da nan. Shari'a ma ta tsare wannan haƙƙi, domin malaman Malikiyya sun hana mutum fasa taga wadda za ta leƙa gidan maƙwabci. Alƙalin Garnaɗa, Ibnu Asim, wanda ya rasu a 1426, ya keɓe fasali guda a littafinsa Tuhfa a kan cutar da itatuwa ke jawowa in sun yi kusa da bangon maƙwabci. Wannan ita ce Tuhfar da alƙalai suka daɗe suna aiki da ita a Nijeriya ta Arewa.

Yadda ake tsara gida da lambu

Mutanen Andalus sun mai da noma fannin ilmi mai littattafai. A 961 aka miƙa wa Halifa Alhakam na Biyu wata kalanda wadda ta bi watanni ɗaya bayan ɗaya tana faɗin lokacin shuka da dashe da aure itace da girbi. A ƙarni na 11 Ibnu Bassal na Ɗulaiɗila, watau Toledo, mai kula da lambun sarki Alma'amun, ya kasa ƙasar noma iri 10, ya bayyana ruwa da takin da ya dace da kowace. A ƙarshen ƙarni na 12 Ibnul Awwam na Ishbiliya ya rubuta Kitabul Filaha, inda ya yi magana a kan tsirrai fiye da 500. Littafin ya yi daraja har aka buga fassararsa da Sifananci a 1802, domin manoman ƙasar su amfana.

Amma wanda ya fi kowa bayyana tsarin gidan iyali da lambunsa shi ne Ibnu Luyun na Almariya. A 1348 ya tsara ilmin noma a waƙe domin sauƙin hadda, a ƙarshenta ya ba da shawara ga mai son gina gida a cikin gonarsa. A ganinsa a zaɓi wuri mai ɗan tudu domin tsaro, gidan ya fuskanci kudu. Rijiya ko tafki su kasance a inda ya fi bisa, domin ruwa ya gangara da kansa, magudanar kuma ta bi ta cikin inuwa. Kusa da ruwa a sa tsirran da ba su kaɗe ganye, gaba kaɗan furanni, sa'an nan manyan itatuwa. A yi wa hanyoyi rumfar inabi. Itatuwa masu girma irin su ɓaure a kai su arewa, su tare iska mai sanyi ba tare da sun tsare wa sauran rana ba. A tsakiya a gina 'yar rumfar hutawa wadda za a ga ko'ina daga cikinta, amma mai tahowa ba zai ji hirar da ake yi ba. Lambun ya fi tsawo bisa faɗi domin ido ya sami wurin yawo. Masaukin baƙi ya kasance can gefe da ƙofarsa dabam, a yi ɗakin tattabaru, a kewaye duka da katanga. Ya kuma ja kunne kada mutum ya ɗebo filin da ya fi ƙarfin kulawarsa. Shekara ɗaya bayan ya gama wannan aiki annobar da ta ratsa Turai da ƙasashen Musulmi ta kashe shi, a 1349.

Duk wannan tsari a kan ruwa ya dogara, shi ya sa har yau kalmomin ban ruwa na Sifananci yawancinsu Larabci ne. Magudanar ruwa acequia ce, daga assaƙiya. Tankin ƙarƙashin ƙasa aljibe ne, daga aljubb. Tafkin gini alberca ne, daga albirka. Ƙafar da ke juyawa tana ɗebo ruwa noria ce, daga na'ura. Furen lemo azahar ne, zauren shiga gida kuwa zaguán. Shi kansa sunan kogin, Guadalquivir, daga Alwadil Kabir ne. A bakinsa akwai wata babbar na'ura mai suna Albolafia wadda a dā take kai ruwa lambun fada, ana ba da labari cewa Sarauniya Isabella ta sa aka kwance ta a 1492 domin ƙararta na hana ta barci.

Bayan sauyin mulki

A 1236 Sarki Ferdinand na Uku na Kastila ya ci Ƙurɗuba. Musulmin birnin suka fita, aka mai da masallacin majami'a, aka rarraba gidaje ga baƙi Kirista da suka zo daga arewa. Imamu Ƙurɗubi ya ƙare rayuwarsa a Masar a 1273. Sababbin mazauna sun fito daga ƙasa mai sanyi inda ake taruwa a bakin murhu, amma bazara ɗaya ta isa ta koya musu amfanin gidan da suka gada. Suka riƙe fasalin, suka kuma riƙa ɗaukar magina Musulmi da suka rage a ƙasar. A 1364 Sarki Pedro na Kastila ya sa aka fara gina masa fada a Ishbiliya, da magina daga Ɗulaiɗila da Garnaɗa, bisa tsarin tsakar gida mai dogon tafki da lambu a gefe biyu.

A daidai wannan zamani Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar, ta kai wannan fasaha matuƙa a fadar Alhamra. Sarki Muhammadu na Biyar ya gina tsakar gida mai zakoki 12 na dutse da ginshiƙai 124, inda magudanai huɗu ke haɗuwa a tsakiya. Ruwan daga kogin Darro aka jawo shi, tafiyar wajen kilomita 6 ta gefen duwatsu. A gidan shaƙatawa na Generalife da ke kan tudun da ke kallon fadar, wata gobara da ta tashi a 1958 ta ba masana damar tona tsakar gidan. Suka tarar asalin fangalin furanni ya fi hanya zurfi, watau mai tafiya yana kallon kan furannin ne a ƙasa kamar shimfiɗar darduma, ruwa kuma yana kwarara cikin fangalin ba tare da ya jiƙa hanya ba.

Garnaɗa ta faɗi ran 2 ga Janairu na 1492. Ba a daɗe ba aka tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci, aka riƙa kiransu Moriscos. Hukuma ta san cewa da yawansu suna salla a ɓoye, ta kuma san inda suke yi. Saboda haka dokar da Sarki Philip na Biyu ya sa aka shelanta a 1567, wadda ta hana Larabci da tufafinsu da gidajen wanka, ta haɗa da umurnin cewa su bar ƙofofin gidajensu a buɗe ran Juma'a da ranakun biki. Gidan da aka gina domin sutura sai ga shi an mai da shi abin leƙe. Wani dattijo daga cikinsu, Francisco Núñez Muley, ya rubuta takardar koke yana nuna illar wannan doka, amma ba a saurare shi ba. Tawaye ya ɓarke a duwatsun Alpujarras daga 1568 zuwa 1571, da aka murƙushe shi aka warwatsa Moriscos na Garnaɗa wajen 80,000 cikin ƙasa, waɗansu aka kai su Ƙurɗuba. Daga 1609 zuwa 1614 aka kore su gaba ɗaya, mutum wajen 300,000. Suka sauka a garuruwa irin su Tetuwan da Rabat a Maroko da Tastur a Tunisiya, inda suka tarar da al'adar tsakar gida, suka ƙara mata da tasu gwaninta. Ta ɗaya ɓangaren kuma Sifaniyawa suka ƙetara teku da fasalin zuwa Meziko da Peru. Daga can kalmar patio ta shiga bakin Amurkawa, ko da yake a wurinsu ma'anarta ta koma daɓen da ake yi a bayan gida domin shan iska, ɗakuna ba su kewaye shi ba.

Lambun 'yan haya

Tsakar gidan da baƙi ke zuwa kallo a yau ba ta kai waɗancan tsufa ba, kuma talauci ne ya haife ta. Ƙurɗuba ta yi ƙarnuka tana ƙaramin birnin lardi. A ƙarni na 19 da farkon na 20 mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa neman aiki, babu kuwa gidajen da za su ɗauke su. Sai aka riƙa yanka tsofaffin manyan gidaje ɗaki ɗaki ana ba da haya, ana kuma gina sababbi bisa wannan tsari. Iyali guda sukan sami ɗaki ɗaya ko biyu, rijiya da madafa da wurin wanki da makewayi kuwa na kowa da kowa ne. Ɗaki ya yi ƙanƙanta, saboda haka rayuwa duk ta koma tsakar gida: nan ake ɗinki, nan yara ke wasa, nan ake bikin aure da kaɗe-kaɗe, nan kuma ake faɗa a shirya.

Da yake ƙasa wurin zirga-zirga ce, babu filin yin fangali, sai matan gidan suka hau bango da shuka. Suka riƙa kafa ƙusa suna rataya tukwane da tsofaffin gwangwanaye, kowace a jikin bangon ɗakinta, ana musayar reshe tsakanin maƙwabta ba tare da sisin kwabo ba. Furen da ya fi yawa shi ne wanda suke kira geranio, da ɗan'uwansa mai zubo da rassa ƙasa wanda suke kira gitanilla. Asalinsu daga Afirka ta Kudu ne, jiragen ruwa suka fara kai su Turai a ƙarni na 17, saboda haka mutanen Andalus na dā ba su san su ba. An so su ne domin suna jure zafi da ƙishi. Tare da su akwai yasmin da wardi da ɗoɗɗoya da na'ana'a. Tukwanen da ke can bisa kuwa, da dogon gora ake shayar da su, an ɗaura gwangwani a kansa, a cika a miƙa a tuntsurar, tukunya ɗaya bayan ɗaya. A gidan da ke da ɗaruruwan tukwane wannan aikin sa'o'i ne, da bazara kuma ba a fashi. Kafin watan Mayu sai a shafe bango da farar ƙasa, a sake wa tukwane fenti, galibi shuɗi.

A 1921 hukumar birni ta shirya gasar farko, gida 3 kacal suka shiga, sai aka bar zancen har 1933. Yaƙin basasar Sifen na 1936 zuwa 1939 ya katse ta, aka komo da ita a 1944. Amma sa'ad da gasar ke ƙara suna, su gidajen suna ƙarewa. Daga shekarun 1950 aka shiga gina sababbin unguwanni, duk wanda ya sami hali ya tashi. Ba kuwa abin zargi ba ne, gama wanda ya yi shekaru yana bin layin makewayi ɗaya da iyalai goma ba zai ƙi gida mai famfo da banɗaki nasa na kansa ba saboda furanni. Aka rushe gidajen haya da yawa. A 1974 waɗansu mutanen gari suka kafa Ƙungiyar Abokan Tsakar Gida ta Ƙurɗuba, suka sayi wani tsohon gida a unguwar San Basilio domin kada a rushe shi. Ɗaya daga cikin gidajen manya, fadar Viana mai tsakar gida 12, ta fita daga hannun masu ita a 1980, aka mai da ita gidan tarihi.

Halin da ake ciki

A watan Disamba na 2012 hukumar UNESCO ta sa bikin tsakar gida na Ƙurɗuba cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye. Abin lura shi ne, bikin da zaman tare na maƙwabta aka rubuta a jerin, domin gine-ginen tsohon birnin sun riga sun shiga wani jeri dabam tun 1994. Wannan suna ya jawo baƙi fiye da dā, har akan yi dogon layi a ƙofar gidan da bai fi ɗaukar mutum ashirin ba. Kuɗi sun shigo birni, amma otal da gidajen abinci ne suka fi cin moriyarsu. Masu gidajen sun sha kokawa cewa abin da hukuma ke ba su bai kai abin da suke kashewa a kan ruwa da taki da fenti ba. Gidaje da yawa a tsohon birni sun koma masaukin 'yan yawon buɗe ido, wanda ya kwana biyu ya wuce kuwa ba ya shayar da shuka. Ga kuma zafi yana ƙaruwa. Ran 27 ga Afrilu na 2023, ana saura 'yan kwanaki a buɗe biki, zafi ya kai digiri 38.8 a Ƙurɗuba, a cikin shekarar farin da ta ƙafar da madatsar ruwa ta Sierra Boyera a arewacin lardin.

Babbar damuwa dai ita ce tsufan masu aikin. Gidan da dā iyalai goma ke raba wahalarsa, yanzu sau da yawa tsoho da tsohuwa ne kaɗai a ciki, 'ya'ya sun koma gidajen bene. An fara neman magani. Wata ƙungiya mai suna PAX tana taimaka wa iyalai su haɗa kai su sayi tsohon gidan haya da aka bari, su gyara shi, kowane iyali da sashensa da banɗakinsa, tsakar gida kuwa ta zama ta kowa kamar dā. Hukumar birni kuma ta sa wani masassaƙi mai suna José Manuel Belmonte ya yi mutum-mutumi na tagulla domin girmama masu kula da gidajen. Na farko, wanda aka kafa a 2014, mace ce riƙe da gora da gwangwani tana shayar da tukwanen da ke jikin bango. Na biyu yana unguwar San Basilio: wani yaro ne a kan tsani, kakansa yana tsaye a ƙasa yana miƙa masa tukunyar fure domin ya rataya.